Yadda za ka bambance lambar heks da ta desimal a tc da ip kafin ka raba wa mutane intanet

Wannan bayanin na masu raba intanet ne a garuruwanmu, irin wanda ya ɗauko layi ɗaya, ko rautar 4G ko Starlink, ya ɗora tsohuwar kwamfuta mai Linux a tsakiya yana ba mai POS da kyamis da makarantar gari da samarin da ke zama a majalisa da daddare. Daga Ringim zuwa Ɗambatta zuwa ƙauyukan Gumel matsalar iri ɗaya ce, data na da tsada, layin kuma ba shi da faɗi, in mutum ɗaya ya fara sauke bidiyo sai mai POS ya kasa tura kuɗi kastoma na tsaye a gabansa ranar kasuwa. Maganin shi ne ka raba gudun da tc, wato umarnin Linux mai tsara gudun data, kuma da yawa sun iya rubuta umarnin, amma sai ka ga an rubuta komai daidai a ido, ba wani kuskure da na'ura ta nuna, kuma rabon bai yi aiki ba. Sau da yawa abin da ya jawo haka lamba ce. Ka rubuta 10 kana nufin goma, shi kuma ya karanta sha shida.

Toh bari mu fara da lissafin kansa, ba shi da wahala. Heks ƙirga ce da ake cika gida a sha shida maimakon goma. Bayan 9 sai a, b, c, d, e, f, wato goma zuwa sha biyar, sannan 10 wanda shi ne sha shida. Kenan 20 a heks talatin da biyu ne, 30 arba'in da takwas, ff kuma 255. Dalilin da ya sa masu kanel, wato zuciyar Linux, ke son ta shi ne kowane harafi ɗaya bit huɗu ne cif, haruffa biyu bayit ɗaya, don haka in ka ga c0a8010a kana iya yanka shi bibbiyu ka ga c0, a8, 01, 0a, ka san 192.168.1.10 ne. Kada ka wahalar da kanka da lissafin ka, taminal ɗinka zai yi maka:

printf '%x\n' 30 zai ba ka 1e
printf '%d\n' 0x30 zai ba ka 48

Waɗannan biyun kawai ka riƙe, za su ishe ka duk abin da zai biyo baya.

Abin da ke rikita mutane shi ne babu doka ɗaya. tc da ip, umarnin da ake saita adireshi da hanyoyin netwok da shi, duk daga kunshi ɗaya suke, iproute2, wanda Alexey Kuznetsov ya fara rubutawa tun zamanin Linux 2.2, daga baya Stephen Hemminger ya ci gaba da kula da shi, kuma kowane sashe na ciki shi ke zaɓar yadda zai karanta lambarsa. Wani gurin an kafe shi a heks, ko ka sa 0x ko baka sa ba heks zai karanta. Wani gurin kuma an bar shi ya duba farkon lambar, in ta fara da 0x heks ce, in ta fara da sifili kaɗai oktal ce wato ƙirgar takwas takwas, in ba haka ba desimal ce irin tamu ta yau da kullum. Kamar ka je gurin mai awo ne ka ce a auna maka goma baka faɗi ko mudu ko tiya ba, kowane mai awo da kwanon da ke gabansa zai auna maka, kuma ba zai tambaye ka ba.

Ga misalin da za mu yi aiki da shi. A ce eth1 ne ke kallon kastomominka, layinka kuma yana ba ka kamar 20mbit:

tc qdisc add dev eth1 root handle 1: htb default 30
tc class add dev eth1 parent 1: classid 1:1 htb rate 20mbit
tc class add dev eth1 parent 1:1 classid 1:10 htb rate 3mbit ceil 20mbit
tc class add dev eth1 parent 1:1 classid 1:20 htb rate 7mbit ceil 20mbit
tc class add dev eth1 parent 1:1 classid 1:30 htb rate 10mbit ceil 15mbit

Ajin 1:10 na masu POS, 1:20 na makaranta, 1:30 na sauran jama'a. Duk lambar da ka gani a handle da parent da classid heks ce, ɓangaren hagu da na dama duka, kowanne bit 16, kenan iyakarsa ffff. 1:10 ɗin nan a gurin kanel aji na sha shida ne. In da hannu kake rubutawa wannan ba zai dame ka ba, don duk inda ka rubuta 1:10 iri ɗaya za a karanta shi, kuma lambar da ke gaban default, wato ajin da duk abin da ba a ware ba zai faɗa, ita ma heks ce, shi ya sa default 30 ya dace da 1:30. Sabbin fitowar tc in ka duba da tc qdisc show za su nuna maka default 0x30 ƙarara, tsofaffin kuma 30 kawai suke nunawa. Af, in ka ga qdisc, wato tsarin da ke jera fakitoci (gutsattsarin data) a kan kati, mai lamba 8001: ko 8002: kanel ne ya raɗa masa don baka ba shi handle ba, ffff: kuma na ingress ne, wato ɓangaren abin da ke shigowa.

Rikicin yana farawa ne ranar da ka koma rubuta sikirif. A ce ka yi abin kirki ka sa printf yana juya maka lambar kowane aji zuwa heks, aji na talatin ya zama 1:1e, amma a layin farko ka bar default 30 yadda yake. Yanzu default ɗinka yana nuna 1:30, ajin da babu shi. HTB, wato tsarin rabon da muka zaɓa a layin farko, ba zai yi maka ƙorafi ba wallahi, duk fakitin da bai faɗa wani aji ba zai wuce da shi kai tsaye ba tare da wani takunkumi ba, kenan mutanen da ka fi so ka taƙaita su ne za su samu layin a buɗe, masu POS kuma su zauna a layi. Hanyar gane wannan ita ce ka buga tc -s qdisc show dev eth1 ka dubi direct_packets_stat, in lambar nan tana ta hawa toh default ɗinka ba ya nuna wani aji na gaskiya. Ka bi shi da tc -s class show dev eth1 ka ga wane aji ne Sent ɗinsa ke ƙaruwa, wanda ya tsaya a sifili babu abin da ke shiga cikinsa.

Yanzu sai alama, nan ne aka fi faɗawa. Yawanci da iptables, umarnin fayawol na Linux, ake sa wa fakiti alama sannan filta ta tc ta ɗauke shi zuwa ajinsa:

iptables -t mangle -A FORWARD -d 192.168.1.10 -j MARK --set-mark 0x10
tc filter add dev eth1 parent 1: protocol ip prio 1 handle 0x10 fw classid 1:10

Dubi layi na biyun da kyau ɗan uwa. A layi ɗaya akwai handle akwai classid, classid heks ne dole, amma handle na filtar fw yana bin farkon lambar. In ka rubuta handle 10 goma ce, in ka rubuta 0x10 sha shida, in ka rubuta 010 takwas. Haka iptables ma yake karanta --set-mark, haka ip rule, mai zaɓar wa fakiti hanya, yake karanta fwmark, wato alamar. Amma in suka tashi nuna maka abin da ka sa, dukkansu da heks suke nunawa. Ka sa --set-mark 10, ka duba da iptables -t mangle -L -n -v za ka ga MARK set 0xa, iptables-save kuma ya rubuta --set-xmark 0xa/0xffffffff, nft, magajin iptables, ma haka, 0x0000000a zai nuna maka. Toh sai wani ya zo, ko kai da kanka bayan wata uku, ya ga 0x10 a jerin iptables ya je ya rubuta handle 10 a tc yana ganin abu ɗaya ne. Alamar sha shida, filtar tana jiran goma, ba za su taɓa haɗuwa ba, fakitin mai POS ya tafi ajin kowa da kowa ya shiga cunkoso.

Ni shawarata a nan ba ta da sassauci: duk inda alama take ka rubuta ta da 0x, a iptables, a tc, a ip rule, kuma ka sa haruffanta su zama iri ɗaya da na ajin, 0x10 ta tafi 1:10, 0x20 ta tafi 1:20. Idan ka yi haka abin da ka rubuta shi ne abin da za ka gani in ka duba, kuma yaron da ka bari a shago in ka tafi Kano sayo kaya zai iya bin layukan ya gane ba sai ya kira ka ba. Wasu sun fi son su rubuta desimal a ko'ina tunda shi suka saba, yana aiki, amma duk ranar da za su goge wani abu sai sun zauna juya lamba. Gogewa ma da lambar gaskiya ake yi, in ip rule show ya nuna fwmark 0x10 ka buga ip rule del fwmark 10 zai ce maka babu wannan dokar, don goma yake nema.

Masu layi biyu, misali MTN da Airtel, da ke tura wasu kastomomi ta wannan wasu ta wancan, ku ma abin ya shafe ku:

ip rule add fwmark 0x20 table 100

fwmark za a nuna ta da heks, lambar table kuma desimal ce, kamar yadda main yake 254, local yake 255. Wanda ke amfani da VPN ɗin WireGuard ta hanyar wg-quick ya taɓa ganin wannan layin a ip rule show:

not from all fwmark 0xca6c lookup 51820

Ka buga printf '%d\n' 0xca6c ka gani, 51820 ne zai fito. Lamba ɗaya ce aka rubuta ta sau biyu a layi ɗaya, sau ɗaya da heks sau ɗaya da desimal. prio na filta ma desimal ne, shi ya sa in baka ba shi ba za ka ga pref 49152.

In baka son alama sam, iptables na da -j CLASSIFY --set-class 1:10, nft kuma meta priority set 1:10, su biyun irin rubutun tc suke bi, heks ne hagu da dama, don haka ba abin juyawa. Ga ƙaramin netwok wannan ya fi sauƙi ma.

Sai u32, filtar tc mai duba cikin fakiti kai tsaye, wanda shi ne ya fi kowanne buƙatar natsuwa. Kowane match nasa yana da ƙima, wato lambar da ake nema, da maski, wato abin da ke nuna wane bit za a duba. Ƙimar tana bin farkon lamba, maskin kuma heks ne kullum. Shi ya sa wannan layin yake daidai duk da cewa rabinsa desimal ne rabinsa heks:

tc filter add dev eth1 parent 1: protocol ip prio 2 u32 match ip dport 53 0xffff flowid 1:10

53 ɗin desimal ce, fot ɗin DNS. In ka duba da tc filter show ba za ka ga 53 ba, za ka ga match 00000035/0000ffff at 20. Ga yadda ake karanta shi: na hagu ƙima, na bayan sandar maski, at 20 kuma daga bayit na nawa a kan fakitin za a fara dubawa, shi desimal ne. u32 bayit huɗu huɗu yake ɗauka, a bayit na 20 biyun farko fot ɗin mai aikowa ne, biyun ƙarshe na inda za a je, shi ya sa maskin ya rufe na farko da sifili ya bar na ƙarshe. In sport 443 ka sa za ka ga 01bb0000/ffff0000 at 20. Adireshin mai aikowa yana at 12, na mai karɓa at 16, kenan match ip dst 192.168.1.0/24 zai fito a matsayin c0a80100/ffffff00 at 16. match ip protocol 6 0xff, wato TCP, zai fito 00060000/00ff0000 at 8, don lambar furotokol tana bayit na 9 ne, na biyu a cikin huɗun da suka fara daga 8. In idonka ya gaji da wannan ka sa tc -p filter show dev eth1, zai yi ƙoƙarin mayar maka da su adireshi da fot da za ka iya karantawa.

Tarkon da ke nan babba ne. Mutum ya ga 00000035/0000ffff a abin da tc ya nuna, sai ya kwafa ya rubuta match u32 00000035 0000ffff at 20 a sikirif ɗinsa yana ganin ya mayar da abin yadda yake. Maskin zai shiga daidai tunda heks ne, amma ƙimar ta fara da sifili ba 0x, za a karanta ta oktal, 35 a oktal kuma 29 ne. Filtar za ta zauna lafiya tana jiran fot 29 har abada. Da a ce akwai harafi a ciki kamar 01bb0000 da ya ƙi karɓa ka gane da wuri, wanda babu harafi kuma babu 8 ko 9 a cikinsa shi ne ke shigewa shiru. Don haka in ka kwafo daga abin da aka nuna maka ka ƙara 0x a gaba, 0x00000035 0x0000ffff. Ta ɓangaren maski ma akwai irin wannan, in ka rubuta 255 kana nufin ff a match na bayit ɗaya zai ƙi don 0x255 ya fi ƙarfin bayit, wannan da sauƙi, amma in ka rubuta 15 kana nufin 0f zai karɓa a matsayin 0x15, bit ɗin da zai duba ba su ne ka nufa ba.

Maganar sifilin gaba ba ta tsaya a tc ba. Masu son jera lambobi su yi tsawo ɗaya, 008, 009, 010, ku yi hankali, bash zai ƙi $((08)) don babu 8 a oktal, $((010)) kuma takwas zai ba ka, ping 192.168.1.010 ma 192.168.1.8 zai je ya nema.

Idan kastomominka sun yi yawa har kana so kowa ya samu ajinsa, ga yadda nake ganin ya fi tsafta, ka ɗauki lambar ƙarshe ta adireshi ka ƙara mata 0x100 don kada ta yi karo da 1:1 da sauran manyan azuzuwa:

for i in $(seq 2 254); do
id=$(printf '%x' $((0x100 + i)))
tc class add dev eth1 parent 1:1 classid 1:$id htb rate 64kbit ceil 2mbit
tc filter add dev eth1 parent 1: protocol ip prio 5 u32 match ip dst 192.168.1.$i/32 flowid 1:$id
done

Mai adireshin .10 zai samu 1:10a, mai .254 ya samu 1:1fe, haruffa biyun ƙarshe su ne ƙarshen adireshinsa a heks, in wani ya zo yana cewa intanet ɗinsa ba ya gudu ka juya lambarsa da printf ka duba ajinsa kai tsaye. Za ka iya sa 1:$i ba tare da juyawa ba, zai karɓa tunda duk lambar desimal tana karantuwa a heks, amma zai yi karo da 1:10 da 1:20 da 1:30 da muka riga muka yi, kuma daga 1:9999 ka tsaya, 1:10000 ya wuce ffff, kuma ranar da za ka haɗa shi da wani abu mai lissafi da lambar gaskiya sai sun saɓa. Misali in ka koma amfani da teburin hash na u32 don kada kowane fakiti ya bi filta ɗari biyu da wani abu ɗaya bayan ɗaya, wanda tsohuwar kwamfuta kan sola za ta ji a jikinta, lambar gurbin dole heks ce, mai adireshin .123 gurbinsa ht 2:7b: ne, ba 2:123: ba. Handle ɗin u32 irin 800::800 da kake gani shi ma duka heks ne. Haka katin netwok mai layukan fita da yawa da ke amfani da mq, layi na goma sunansa :a, in sikirif ɗinka ya rubuta :10 na sha shida ya taɓa.

Akwai kuma lokacin da za ka shiga ƙaramar rauta ka tarar ba ss, umarnin duba fot, ba cikakken ip, sai fayilolin /proc kawai. A OpenWrt, wato Linux ɗin da ake ɗora wa rauta, in da wuri a rautar ka sa ip-full da tc-full, don taƙaitaccen ip ɗin BusyBox ba duk abin da muka faɗa yake ɗauka ba. In ba hali, cat /proc/net/route zai nuna maka getwe kamar 0101A8C0. Kada ka karanta shi daga hagu, a kan injin x86 da yawancin ARM bayit ɗin a juye suke, ka yanka bibbiyu ka faro daga dama: C0, A8, 01, 01, wato 192.168.1.1. Wasu rautocin masu MIPS kuma a miƙe suke nuna shi, C0A80101, don haka ka fara gwadawa da adireshin da ka riga ka sani kafin ka yarda da karatunka. A /proc/net/tcp za ka ga irin 0100007F:1F90, adireshin a juye, 127.0.0.1, amma fot ɗin a miƙe yake, 1F90 shi ne 8080, 0016 kuma 22 na SSH. Gurbin st da ke gaba shi ma heks ne, 0A yana nufin ana sauraro a wannan fot, 01 kuma an riga an haɗu ana aiki. In ka ga 00000000:0016 da 0A a rautar da ke kallon waje, SSH ɗinka yana sauraro ta kowace ƙofa, ka je ka duba fayawol ɗinka ko ya rufe ta ɓangaren intanet.